Ranar da Aka Binne Baba Addi a Bakin Teku

Tun kafin ƙanenta Assu ya kashe mota Yamna ta buɗe ƙofa ta dira. Mace ce mai 'ya'ya, babbar 'yarta har ta yi aure, amma da ka ga yadda ta tattare jallabiya ta haye tudun yashin da ke bayan sansanin masu hutu, sai ka rantse yarinya ce. Da ta kai sama ta tsaya cak. Ga shi nan dai. Ruwa ne har inda ido ya gaji, yana tasowa yana zubewa, yana ruri ba hutu, rana kuma tana shirin faɗawa cikinsa. Ta dafe ƙirji ta ce Allahu Akbar, sannan ta fashe da dariya ita kaɗai, har wasu masu wucewa suka waiwayo.

Tun tana ƙarama take jin labarin teku, kuma a bakin marasa lafiya ta ji shi. Mahaifinta, Baba Addi, sana'arsa ke nan a ƙauyensu na gindin tuddan yashin Marzuga: in zafi ya kai zafi, masu sanyin ƙashi su taho daga garuruwan gaɓa, ya haƙa rami a rairayi da safe, ya bar rana ta gasa shi, ya kwantar da mutum ya rufe shi har wuya, zafin ya zuƙe ciwon. Yamna ce mai kai musu shayi idan an tono su. Suna naɗe cikin bargo suna zufa, sai su yi ta ba ta labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ta sa abin a ranta. To amma bana dabino, baɗi biki, wata shekarar goyo, wata jinyar mahaifiyarta har Allah ya karɓi abarsa, sai ga furfura ta leƙo ba ta ga ko kumfarsa ba. Bana kam ta kafe. Ƙanenta Assu ya aro motar ɗaukar dabino, mijinta ya yarda ya zauna ya tsare ban-ruwan gona, aka loda yara da dardumai da tukwane da tukunyar gas, aka zaunar da tsoho a gaba, don ba mai barin sa gida shi kaɗai da waɗannan gwiwoyin nasa.

Sansanin kuwa gari ne guda. Tantuna jere-jere, kowane gida sun kewaye nasu da zannuwa, an ɗaura igiyar shanya daga mota zuwa itace, tukwanen tururi na ta huci, wani rediyon na karatu wani na kiɗa, hayaƙin gashin kifin sardin ya cika ko'ina. Yara suka ɓace cikin 'yan'uwansu tun ba a sauke kaya ba. Assu da matarsa Hadda suka yi ta kokawa da tanti, iska na fizge shi, har sai da maƙwabciyarsu ta gaji da kallo. Lalla Rakiya ke nan, wata ƙatuwar mata 'yar garin Safi da ba ta taɓa fashin zuwa wurin ba, ta zo ta ture Assu gefe, ta nuna masa yadda ake cika buhu da yashi a danne igiya da shi, tana cewa turakun nan nasa ko akuya ba za su riƙe ba. Kafin a jima ta san sunan kowa, ta kuma aiko da farantin kifi.

Mutum ɗaya ne bai ji daɗin komai ba. Baba Addi ya sa an ajiye masa kujera a bakin tanti, ya juya wa teku ƙeya, ya zauna. Iskar ta yi masa danshi. Burodin garin ya yi laushi kamar an jiƙa shi. Shayin ma ya ce warin kifi yake. Da gari ya waye hazo ya rufe sansanin, gwiwoyinsa suka kumbura, da ƙyar aka tayar da shi ya yi salla. Ana karin kumallo ya ajiye kofi ya faɗi maganarsa a taƙaice: ya ga abin da aka kawo shi gani, ruwa ne, kuma ya yi yawa, gobe da sassafe a ɗaure kaya.

Mota ɗaya ce, direba ɗaya, kuma a gidan Baba Addi ba a mayar masa da magana. Hadda ta sunkuyar da kai, yara suka fara kumbure-kumbure. Yamna kuwa ji ta yi kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Sun shirya zama har a gaji, ga shi ko ɗan yatsanta bai taɓa ruwan ba. Tun da suka iso tana tsakanin tukunya da layin famfo. Yini ɗaya ya rage mata ta sa tsohon nan ya so wurin, in ba haka ba gobe war haka suna kan hanya, kuma ta san ba za a sake ba.

Ta san ubanta sarai. Lallashi ba ya cin sa, kuka ma haka. Abu ɗaya ne ke tayar da shi tsaye, wato a taɓa sana'arsa. Sai ta debo yashi cikin tafin hannu ta zo ta tsugunna kusa da shi, tana murza shi kamar da wasa, ta ce wai Lalla Rakiya ta ce yashin nan ya fi na Marzuga magani, saboda akwai gishiri a ciki. Lalla Rakiya ba ta ce komai ba, Allah ya yafe wa Yamna.

Tsoho ya juyo a hankali.

"Wa ya ce?"

"Maƙwabciyar nan. Ni ma na ce mata ban sani ba, sai wanda ya san yashi."

"Miƙo nan."

Ya murza, ya shinshina, har ya ɗan ɗanɗana a harshe ya tofar. Ya ce wannan ba yashi ba ne, garin katantanwa ne, ko kaza ba zai warkar ba. Yamna ta ce to ai shi ke nan, za ta gaya mata Baba ya ce bai gwada ba amma ya sani. Nan fa ya harare ta, harara irin wadda take sa su gudu suna yara, ya ce a miƙo masa sandarsa, a kira masa malalacin nan Assu ya taho da shebur. Shi da kansa za a binne yau, gobe kafin su tafi ya gaya wa matar nan gaskiya a kan idonta.

Wayyo daɗi! Yamna ta ruga ta sanar da Hadda, suka riƙe hannu suna tsalle a bayan tanti kamar ba matan aure ba. Dabarar a fili take: in zafin yashi ya saki gwiwoyin nan ko yaya, tsoho zai nemi a maimaita, don a ƙa'idarsa binnewa ɗaya ba ta isa, sai an jera kwanaki.

Aka fita neman wuri, tsoho a gaba yana dogara sanda, Assu na biye da shebur a kafaɗa. Yashin kusa da tantuna bai yi masa ba ko kaɗan. Guntayen sigari, gawayi, ƙayar kifi, ɓawon kankana, ga samari na buga ƙwallo. Ya ce ko kare ba zai binne a nan ba. Suka yi gaba, suka wuce tutocin masu usur da ke tsaron masu wanka, suka gangara can gefe inda babu kowa. A nan ne ya tsaya. Fili ne shimfiɗaɗɗe, sumul, babu ko sawun ƙafa, babu ko tsinke. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaya wa ke share wurin. Assu ya ce wataƙila ma'aikatan hukuma ne, da asuba. Tsoho ya gyaɗa kai ya ce to ko ba komai suna da tsabta.

Teku kuwa yana can nesa, ya fi jiya nisa sosai. Baba Addi ya nuna shi da sanda ba tare da ya kalle shi da kyau ba, ya ce su gani, ya fara ƙafewa, zafi ba ya barin ruwa ko na wane ne. Duk suka yarda, don haka ruwa yake a wurinsu: kwari ya yi ambaliya, ya janye, shi ke nan kuma sai wata shekarar in an yi sa'a. Da Assu ya soma haƙa aka tarar da danshi a ƙasa, hakan ma bai dame su ba, kowane kwarin da ruwa ya bari haka yake. Tsoho ya ba da umarni a faɗaɗa ramin, a baza yashin da aka fitar ya sha rana, a kuma riƙa debo busasshe daga tudu da bokiti.

Suna cikin haka Lalla Rakiya ta biyo da kwandon kifi a hannu. Ta tsaya ta tambayi ko rijiya ake haƙawa. Da aka gaya mata, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta gimtse.

"Alhaji, nan fa gidan teku ne. Yana dawowa."

Baba Addi ya ɗaga kai ya dubi sama. Hazo ya washe, babu gajimare ko ƙwaya. Ya dubi gabas, wajen duwatsu, inda ruwa ke fitowa in zai zo. Can ma fes.

"Da wane hadarin zai dawo, Lalla?"

"Ba ruwansa da hadari. Ku dai kada la'asar ta same ku a nan."

Ta wuce da sauri don ta bar tukunya a wuta. Tsoho ya juya harshe zuwa yaren gida ya ce mutanen gaɓa akwai surutu, shekara da shekaru yana binne su bai taɓa samun wanda ya yi shiru a rami ba. Assu ya yi dariya. Gaban Yamna ya ɗan faɗi, gaskiya. Amma ta auna tazarar da ido, ta ga ko jaki sai ya gaji kafin ya kai bakin ruwan, kuma binnewar ba ta wuce a sha shayi a tashi. Ga shi tun da suka zo sai yanzu ta ga ubanta tsaye yana ba da umarni, idonsa na ƙyalli. Ta haɗiye maganar.

Da an shiga ramin bayan azahar kamar yadda aka shirya, da ba a yi labari ba. Sai dai tsoho ya zo ya sa bayan hannu a ƙasan ramin ya ce bai nuna ba. Aka koma aka ci tajin, dafaffen nama da kayan lambu na tukunyar ƙasa. Aka dawo, ya sake taɓawa, ya ce saura kaɗan, ranar garin nan ma ragguwa ce. Sai da inuwa ta fara tsawo sannan ya tuɓe jallabiya, ya rage daga shi sai dogon wando, aka kama shi aka kwantar. Ya ce a sa kansa ta wajen ruwan don kada ya buɗe ido ya gan shi. Ya kuma ce tunda yashin ba shi da ƙarfi, a ninka masa a ƙafafu, a danna da kyau. Assu ya ninka, ya danna, har da takawa. Daga nan aka aike shi ya kawo bargo da butar shayi, don ƙa'idar Baba Addi ce mutum na fita daga rami a naɗe shi, iska ba ta taɓa shi, ruwa kuwa ko ɗigo ba ya taɓa jikinsa sai washegari. A kan wannan dokar ya sha korar manyan mutane daga gidansa.

Aka bar Yamna da lema. Rana ta karkata ta wajen teku, don haka ta tsugunna a saitin kansa ta ba ruwan baya, ta tare masa hasken. Ba abin da ke waje sai fuskarsa da farin gemunsa. Jim kaɗan zufa ta fara tsattsafo masa a goshi, ya lumshe ido, ya saki wani dogon numfashi.

"Hm," in ji shi. "Ba laifi."

Yamna ta ji kamar ta yi guɗa. Ta share masa goshi da gefen mayafi, ta ɗiga masa ruwan sha a baki. Sai ga tsoho ya ɓalle da hira, shi da tun rasuwar matarsa magana sai ta kama dole. Ya ba ta labarin wani alƙali mai tumbi da ya taɓa binnewa, wanda ƙwaro ya shiga wa wando, ya fito da gudu yana kiran uwarsa. Ya ba ta na wata 'yar Faransa da ta ƙi fita, sai da aka yi mata ƙaryar kunama. Yamna na ta dariya har da hawaye. Ta lura rurin da ke bayanta ya ƙaru, amma iska ma ta ƙaru, kuma wa zai katse Baba yana tsakiyar labari? Assu shiru, daga baya aka ji ashe 'yan ƙwallo ne suka rasa mai tsaron gida, shi kuma ya ajiye butar ya ce bari ya taimaka musu kaɗan.

Sanyi ta fara ji a dugaduganta. Ta duba ƙasa, sai ga wani siririn ruwa mai kumfa ya zagaye ƙafafunta, ya bi gefen kunnen tsoho, ya shige cikin yashin ya ɓace.

Baba Addi ya buɗe ido. "Wane mara kunyar ne ya zuba min ruwa?"

Ta waiwaya. Innalillahi! Filin nan da suka tako da safe babu shi. Teku ne gaba ɗaya, yana nan daf da bayanta, wani farin layin kumfa ya taso yana tahowa, wani na biye da shi. Ta yar da lema ta fara tono da hannu biyu. Igiyar ruwan ta iso ta bugi bayanta, ta wuce ta kan tulin yashin har ƙafafun tsoho, ta dawo. Yashin da ɗazu yake zubewa tsakanin yatsu ya koma kamar laka, ya cure, ya yi nauyi; duk abin da ta kwashe sai ruwa ya mayar. Shebur kuwa tana kallo ya kwanta ruwa ya ja shi. Ta ce Baba ya yunƙura. Ya yunƙura, ƙirji ya ɗan motsa, amma ƙafafun nan da aka ninka aka danna ko gezau.

Ta cusa gwiwarta ƙarƙashin kansa ta ɗago shi, ta buɗe maƙogwaro ta saki kira irin wanda matan ƙauyensu ke yi daga wannan tudu zuwa wancan in raƙumi ya ɓalle. Ba a taɓa jin irinsa a wannan gaɓar ba. 'Yan ƙwallo suka tsaya cak. Mutane suka fito daga tantuna.

Kai, sansanin nan kaf ya juye. Lalla Rakiya ce a gaba, zani a ɗage, murfin tukunyar tajin a hannu, tana zagin duk wanda ya tare mata hanya. Bayanta maza da farantai, mata da ludayi da kwanoni, yara da 'yan bokitansu na wasa, wani dattijo da kumfar aski a rabin fuska, mai usur yana ta busa ba wanda ya san me yake nufi. Assu ya riga kowa isowa, ya zube yana tono yana "Baba ka yafe ni," tsoho ya ce ya yi tono tukuna, yafiya sai an fita. Lalla Rakiya ta dubi abin sau ɗaya ta fara rabon aiki. Ta jera ƙartin maza ta wajen ruwan, kafaɗa da kafaɗa, su ba shi baya su karya ƙarfinsa. Sauran kowa ya tono.

Shi kuwa wanda ake tonowa bai fasa sana'a ba. Daga kan gwiwar 'yarsa yake ba da umarni: ƙafafu ake fara buɗewa, jakuna! Ba a jan mutum ta hammata, so suke su tsinke shi? Wancan mai farantin ya yi a hankali, gwiwa ce a wurin ba dutse ba. Mutane na haki suna dariya suna tono. Wani ya ce bai taɓa ganin gawa mai faɗa irin wannan ba, aka kwashe da shewa.

Sai babbar igiya ta taso. Yamna ta gan ta ta saman kawunan mazan, koriya, ta fi su tsayi. Ta rungume kan ubanta a ƙirji ta sunkuya a kansa. Ruwa ya rufe su duka, ya watsa layin mazan, ya cika mata kunne da hanci, ta ji ana fizgar ta amma ta ƙi saki. Tsoro ya kama ta sosai a wannan lokacin, ta ce a ranta ita ce ta kashe shi, da ƙaryarta da son ranta. Da ruwan ya janye ta ɗago fuskarsa. Ido a rufe, gemu ya manne. Sai ya yi tari, ya feso ruwa, ya yamutse fuska.

"Gishiri," in ji shi. "Duk wannan ruwan, ashe ma ba ya shayuwa."

Igiyar da ta kusa halaka shi ita ta kwashe rabin yashin da ke kan ƙafafunsa. Assu da Lalla Rakiya suka zura hannu ƙarƙashin gwiwoyin, suka ɗaga, ƙasa ta sake shi da wata ƙara kamar an zare ƙafa daga taɓo. Wani ya shimfiɗa darduma, aka ɗora shi, maza suka kama gefe-gefe suka sheƙa da shi tudu, ruwa na bin dugadugansu. Mata suka ɗauki guɗa. Yara na gaba suna buga bokitai. Wallahi ko ango ba a kai shi da irin wannan gayyar.

A saman tudun aka sauke shi, aka lulluɓe shi da barguna har na mutanen da ba a sani ba, shayi ya zo daga tantuna daban-daban. Kowa na ba da labarin yadda shi ne ya fara kama ƙafar. Yamna ta koma gefe tana ɗiga. Murnar ya tsira ta cika ta, amma ƙarƙashinta ta san an gama. Mutumin da iska mai danshi kawai ta sa ya ce a tafi, yau teku ya wanke shi tas a cikin raminsa, a gaban jama'a, an karya masa dokar da ya rayu a kanta. Ba ma sai gobe ba, yanzu zai ce a ɗaure kaya. Ta fara lissafin abin da za ta fara naɗewa.

Sai dai masu ɗaukar sa ba su san halinsa ba, sun zaunar da shi yana fuskantar ruwan. Bai ce a juya shi ba. Yana riƙe da kofi bai sha ba, idonsa na kan inda ramin yake ɗazu, inda yanzu igiyoyi ke birgima. Can ya kira Lalla Rakiya, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye ta yaushe rabon da ya yi irin wannan ambaliyar. Ta ce jiya. Ya ce ba ta gane ba, yana nufin zuwa irin wannan, mai cika fili. Ta ce ai shi take nufi, jiya ya zo, yau ya zo, anjima zai koma, kafin gari ya waye ya sake zuwa ya koma, haka yake tun da Allah ya yi shi.

"Ba a yi roƙo ba? Ba a fita salla ba?"

"Ba wanda ya roƙe shi, Alhaji. Mu har gajiya muke da shi."

Ya zuba wa ruwan ido. Mutumin da ya tsufa yana duban sama ta wajen duwatsu, wanda ya sha tsayawa a bakin busasshiyar magudana yana jiran rabon gonarsa, wanda ya ga itatuwan dabinon ubansa sun mutu a tsaye. Yamna ta ga leɓensa na motsi, ta ga idonsa ya cika. Lalla Rakiya ta ƙara da cewa wannan ma wasa ne, ya bari wata ya cika ya gani, har gindin tudun nan yake zuwa. Tsoho ya tambayi kwanan wata, aka gaya masa da saura. Ya ce shi ba ya ɗaukar maganar mutanen gaɓa sai ya gani da idonsa. Ya ɗaga murya ya ce wa Assu ya je ya sauke sauran kayan da ke mota, ya kuma kawo masa kujerarsa nan.

Yara suka ɓarke da ihu, Hadda ta toshe baki da mayafi. Yamna ta juyo tana kallonsa. Sai ji ta yi ya kira sunanta. Ta matso ta durƙusa, ta fara cewa Lalla Rakiya fa ba ta taɓa cewa komai a kan yashi ba, ita ce ta ƙirƙira. Ya ce ya sani tun da safe, ba ta iya ƙarya ba, uwarta ma haka take. Ya dube ta daga sama har ƙasa, jallabiya jiƙe sharkaf, yashi har cikin gira.

"Kin shiga dai yau."

Sai a lokacin ta tuna. Ta shiga teku har ya rufe mata kai, ba ta ma san ta shiga ba.

"Wannan ba shiga ba ce, Baba."

"Na sani." Ya juya kofin a hannunsa. "Ina jin ki tun kina 'yar mitsitsiya, kina bin baƙina da tambaya. Ina ji sarai. Ni ne ban kawo ki ba." Ya share hanci da gefen bargo, ya ɗaure fuska. "To me kike jira, kin tsaya kina ɗiga min a ƙafa? Je ki. Ina nan ina kallo."

Ta kama hannunsa ta sumbata. Ta miƙe ta tuɓe takalmi ta ajiye a gefensa, ta fizgi hannun Hadda, ta fizgi na Lalla Rakiya, suka gangara tudun da gudu su uku, yara na biye. Ruwan ya tare ta a gwiwa, sanyinsa ya sa ta ƙwalla ƙara, ta ci gaba har ƙugu. Igiya ta zo ta kayar da ita zaune, ta tashi tana tari tana dariya tana kuka, ta juya ta ɗaga wa tudun hannu biyu. Daga cikin tulin bargunan hannu ɗaya ya fito, yana yi mata alamar ta juya ta dubi wadda ke tahowa.